Awon Ilarie

Duk kwarin nan babu wanda bai haddace awon Ilarie ba, don babu wanda ya tsira daga jin sa. Gwangwani uku na sha'ir, ɗaya na dusa, ingirici runguma biyu, gishiri ɗan barbaɗe. Shekara goma sha tara da shi yake ciyar da Suru, dokin da ke janyo masa gumagumai daga kan dutse. Ko a gidan biki ka zauna kusa da shi sai ya biya maka, har da lissafi da yatsu.

Matarsa Paraschiva ta rasu da kaka. Kafin ƙanƙara ta rufe hanya, Suru ya fara zubewa. Ilarie ya ƙara gwangwani ɗaya, haƙarƙari suka fito. Ya sake ƙarawa, kajin gidan suka yi ƙiba.

Sai ga dillali, irin masu saya wa mahauta. Ya zaga dokin sau biyu, ya ce, "Ka yi shawara zuwa Alhamis, tsoho. Bayan nan ko fatar ba zan taya ba."

Ilarie ya kore shi, amma tsoro ya kama shi. Doki in ya kasa jan itace ba a ajiye shi, kowa ya sani.

Washegari ya kira likitan dabbobi. Likita ya leƙa bakin Suru, ya tona kashinsa da tsinke, ya miƙe.

"Baba, dokinka haɗiya yake, ba tauna ba. Haƙoransa sun cinye. Yadda sha'irin ya shiga haka yake fitowa, kaji su samu rabo. Bakin nan ya yi shekara huɗu bai fasa ƙwaya ba."

"Bara war haka jikinsa har sheƙi yake."

"To akwai mai jiƙa masa."

"Ni kaɗai ke ba shi abinci," in ji Ilarie.

Domnica maƙwabciyarsu tana jingine da shinge, aikin da ta shekara arba'in tana yi babu fashi. Ta gyara ɗankwali.

"Kai ke aunawa dai, maƙwabci. Kana juya baya ka tafi aske gemu, marigayiya za ta kwashe, ta juye masa wanda ta jiƙa tun jiya."

"Ba ta taɓa faɗa min ba."

"Ta faɗa. Ka ce mace ta tsaya wajen kajinta."

Likita ya shiga duban takalminsa. Ilarie ya tambayi Domnica, murya ƙasa-ƙasa, "Ruwan zafi ko na sanyi?"

"Mai ɗumi. Da gwiwar hannu take gwadawa."

"A me take jiƙawa?"

"A bokitinta mana. Yana bayan ƙofar barga."

Can ya same shi, inda yake giftawa sau shida a yini. Ya ɗumama ruwa, ya jiƙa, ya jira har yamma. Suru ya cinye tas, ya lashe komin abincinsa, ya tura masa hanci yana neman ƙari. Ilarie ya san dillali zai yi zuwan banza.

Da ya sunkuya ɗaukar bokitin ne ya lura da mariƙinsa. An naɗe shi da ƙyallen tsohon siket ɗinta, ya lotsa daidai yatsu huɗu. Ya gwada sa nasa, suka fi gurbin girma. Kunya da kewa suka haɗe masa, ya zauna a bakin komin ya yi kukan da bai yi ba ranar da aka binne ta.