Baƙin Dankalin Uwar Felisa

Shekarar da Jamilatu ta bi mijinta Abdulƙadir zuwa London, lokacin ne kuɗin man fetur ya hau kan mutanenmu, kowa yana tafiya yana jin kansa. Gwamnati ce ta turo shi ƙaro karatun likita, suka kama flat a wani tsohon bene bayan Old Kent Road, inda manyan motocin bas ke girgiza tagogi tun da sassafe. Shi wuni yake a asibiti. Ita kuwa tana gida da cikin fari, ba uwa ba ƙanwa, Turancinta bai wuce na gaisuwa da na sayen burodi ba.

Ƙofar da ke kallon tasu ta Felisa ce, wata gajeriyar mata 'yar ƙasar Peru mai kitso biyu har gadon baya, wadda ita ma karatun miji ne ya kawo ta. Turancinta bai fi na Jamilatu ba, shi ya sa ma suka fahimci juna da wuri. Da Jamilatu ta haifi 'yarta Karimatu a tsakiyar sanyi, Felisa ce ta gan ta tana fama da tukunyar ruwan zafi za ta yi wankan jego. Ba ta san al'adar ba, ba ta kuma tambaya ba. Kullum da safe sai ta shigo ta ɗora ruwan, ta goya jaririyar da wani mayafi mai launi-launi, kamar a Kazaure aka haife ta. Abu ɗaya ne Jamilatu ba ta taɓa yi ba, wato cin abin da ya fito daga tukunyar Felisa, don tsoron naman alade. Felisa ta lura, ba ta kuma ɗauke shi da zafi ba.

Wata rana suna feraye dankali tare, Jamilatu ta gaya mata cewa a gida sunan wannan abin dankalin Turawa. Felisa ta ajiye wuƙa, ranta ya ɗan sosu. Da baki da hannu ta yi ta bayani, cewa a kan duwatsunsu Turawa suka tarar da shi, kakanninta suna nomansa tun kafin wani jirgin ruwa ya san hanyar ƙasarsu. 'Yan kaɗan kawai aka kwaso, marasa launi, su ne ake ta taƙama da su a nan. A gonar uwarta kuwa akwai mai ruwan makuba, akwai mai jan ciki, akwai mai launin ƙwanduwa, akwai dogo siriri kamar yatsa. Akwai ma wani mai ƙulle-ƙulle da ake miƙa wa yarinyar da ɗan gida ke so a ce ta fere, in ta yi ɓarna uwar miji ta ga abin da take son gani. Jamilatu ta yi dariya har da ƙwalla, ta ce ashe uwar miji ko'ina halinta ɗaya.

Da wani ɗalibi ya kawo mata saƙon Inna, mahaifiyarta, sai ta ɗebi daddawa ta kai wa Felisa, ta ce Inna ce ta daka ta da hannunta. Washegari Felisa ta ce ta yi daɗi ƙwarai. Ba a jima ba ita ma ta shigo da kwanon ƙasa cike da wasu baƙaƙen abubuwa, busassu, masu tauri kamar tsakuwa. Ta ce sunansu cunyo. Dankali ne ake bazawa a fili lokacin sanyi, ya daskare ya narke, mata su bi shi da ƙafa suna takawa har ruwan ya fita, sannan rana ta busar da shi. Yakan yi shekaru bai lalace ba, shi ke riƙe gari in yunwa ta zo. Wannan kuwa ƙafar uwarta ce ta taka shi. Shi ke nan abin da ya rage mata, amma ba komai, tsohuwa za ta aiko wani bayan girbi. Ta kawo shi ɗanye ne don Jamilatu ta jiƙa ta dafa a tukunyarta.

Jamilatu ta karɓa hannu biyu. A gaskiya warinsa bai yi mata ba, kamar ɗakin da ya sha damina a rufe, kuma maganar ƙafa ta tsaya mata a rai. Duk da haka ta ajiye kwanon a kan tebur da niyyar gwadawa.

Ranar ce kuwa Hajiya Zinatu ta diro. Yayar Abdulƙadir ce, matar wani babban ma'aikaci a Legas, ɗaya daga cikin matan da a shekarun nan suke zuwa London sayen labule kamar mai zuwa kasuwar ƙauye. Daga ofishin jakadancinmu da ke Charing Cross take, ta shigo da ƙamshi da gwala-gwalai, ta raina bene, ta raina kujeru, sannan idonta ya sauka a kan kwanon. Ta sa farce ta juya guda ɗaya, ta tambaya ko a London ma ana kiwon awaki ne. Da Jamilatu ta yi ƙoƙarin bayani, har ta kai ga batun takawa, Hajiya ta riƙe baki.

"Jamila, ke da kike jego? Matar likita guda ki zauna kina karɓar ruɓaɓɓen dankalin da aka murje da ƙafa? Wace ce ma ta kawo miki?"

Nan ne fa bakin Jamilatu ya ci amanarta. Ta ce, "Wata mata ce a nan maƙwabta, Yaya. Tana ɗan kama mini aiki."

"To sa shi a dustbin tun kafin ƙanena ya dawo ya gani."

Ta kuwa juye shi. Ƙararsa a cikin kwandon shara kamar an zuba tsakuwa. Hajiya ta sa ta wanke hannu da sabulu kafin ta taɓa jaririya, aka ci gaba da hirar leshi da farashin firji. Washegari masu kwashe shara suka zo suka tafi da shi.

Ba a mayar da kwano haka nan, wannan ko a London Jamilatu ba ta manta ba. Ta cika shi da sabulu da turare daga tsarabar Hajiya, tukuicin da ya fi ƙarfin kyautar, irin wanda mai laifi ke bayarwa. Felisa ta tambaya ko ta dafa. Da Jamilatu ta ce ta dafa kuma an cinye, da magana ta mutu a nan. Amma Bahaushiya ce, yabon kyauta ba ya tsayawa rabin hanya. Ta ce daɗinsa ya sa ba ta yarda ta ƙarar da shi ba, ta ɓoye sauran tana lallaɓawa kaɗan-kaɗan. Fuskar Felisa ta washe. Daga ranar, duk lokacin da zancen ya taso sai Jamilatu ta ƙara wa ƙaryar gishiri, kuma duk lokacin sai ta ji ta tsani kanta.

Sanyi ya wuce, itatuwa suka yi ganye, Karimatu ta fara zama. Wata hantsi Felisa ta shigo da baƙaƙen kaya, kitsonta a warware. Wani mutumin garinsu ne ya iso da labari: uwarta ta rasu, har an binne ta da daɗewa. Jamilatu ta yi mata abin da ta san ana yi. Ta shimfiɗa bargo a ƙasa suka zauna tare, ta yi musu girki, ta yi kuka na gaskiya.

Bayan 'yan kwanaki Felisa ta sake shigowa, ta ɗauki Karimatu ta ɗora a cinya, ta daɗe tana wasa da yatsun yarinyar kafin ta yi magana. Ta ce ta san ba a karɓar kyauta bayan an bayar, kunyar tambayar ma take ji. Amma ba wani cunyo da zai ƙara zuwa. Ko Jamilatu za ta ɗan sam mata daga wanda ta ɓoye? Ba don ta dafa ba ma. Tana so ne ta riƙe abin da ƙafar uwarta ta taɓa. Tana faɗa tana shimfiɗa ɗan ƙyalle a gefen cinyarta, inda za a zuba.

Jamilatu ta tashi ta shiga kicin. Ta buɗe wannan kabad ta rufe, ta buɗe wancan, ta ɗaga gwangwanin da ta san shinkafa ce a ciki. Ƙarairayi suka yi ta zuwa mata da kansu: ɓera ya ci, jiya ta dafa na ƙarshe, Abdulƙadir ya zubar bai sani ba. Kowace a ciki za ta wuce. Ta leƙo ta hangi ƙyallen a shimfiɗe, Felisa tana gyara masa gefe da tafin hannu, sai ta ji ba za ta iya ƙara ko ɗaya ba. Ta fito hannu wayam, kanta a ƙasa. Turancin da kullum yake gaza mata, ranar ya isa har ya yi saura.

"Babu. Na zubar a shara tun ranar da kika ba ni. Ban taɓa ɗanɗanawa ba."

Felisa ba ta yi kuka ba, ba ta tambayi dalili ba. Ta ninke ƙyallen, ta miƙa mata 'yarta a hankali, ta fita. Jamilatu ta so ƙasa ta tsage ta shige.

Kwanakin da suka biyo, sai ta kasa kunne ta tabbata ba kowa a matakala kafin ta fita. Da ta gaya wa Abdulƙadir, ya bi kasuwanni yana tambaya, a tunaninsa a zamanin nan ba abin da naira ba za ta gyara ba. Ba wanda ya taɓa jin sunan abin. Jamilatu ta ce ya bari haka nan, ko ya samo buhu guda ba wannan ƙafar ce ta taka ba.

Wata safiya aka ƙwanƙwasa. Felisa ce tsaye da gwangwanin biskit a hannu. Ba ta shigo ba. Ta buɗe murfin, ta ware takarda, ta ware wata a cikinta, ta ware wata, sai warin da Jamilatu ta sani tun tana goye ya cika matakalar. Daddawar Inna ce, yadda ta bayar da ita, ko gutsure ba a yi ba.

Felisa ta ce, "Ni ma ban ci ba. Warinta ya fi ƙarfina, mijina ya yi ta cewa in jefar. Amma kin ce hannun uwarki ne." Ta dubi Jamilatu. "Tana da rai?"

"Tana nan."

"To ki ajiye. Kada ki bayar duka kamar yadda na yi."

Ta ɗora mata gwangwanin a hannu, ta juya ta shige ɗakinta. Ba ta rufe ƙofar gaba ɗaya ba, ta bar ta a sakaye. Tsakaninsu bai fi a miƙa ƙafa ba, amma kunya ta hana Jamilatu ɗaga tata. Ta sunkuyar da kai tana kallon daddawar. A jikin kowace ɗaya, inda aka danna ta kafin a shanya, ga shatin babban yatsan Inna nan a fili.