Inda Yagana Ta Tsaya

Da aka yi sadakar arba'in ɗin Yagana, ɗanta Hamman ya ce mahaifinsa ba zai ci gaba da zama shi kaɗai a ƙauye ba. Ya je can bayan Kirikasamma da mota ya ɗauko tsohon ya kawo shi Haɗeja, da tabarmarsa da butarsa da wani kwanon silba mai murfi wanda bai yarda kowa ya riƙe masa ba.

Malam Umara masunci ne, ko kuwa a ce dā masunci ne, kafin ciyawar kacalla ta toshe musu ruwa, yanar ido kuma ta fara rage masa gani. An ba shi ɗaki mai tayil da fanka aka ce ya huta. Hutu kuwa ya same shi har ya gundure shi. Hamman ya fita aiki da sassafe, matarsa Zulfa ta ja tsohon cikinta ta tafi makarantar da take koyarwa, a ja get a rufe. Daga nan sai shi sai gurnanin firij. Masallacin unguwar duk ma'aikata ne, ana sallamewa kowa ya zari takalminsa. Kafin tsoho ya gama "ina gajiya" mutum ya kai bakin titi. Kewa ta dame shi ƙwarai, ga shi babu wanda zai gaya wa.

Abin da ke cikin kwanon nan shawul ne na jariri, na ulu ruwan ƙwai, da kwarashi soke a jikinsa. Da tsufanta Yagana ta koyi saƙa wurin wata malamar asibiti, abin ya shiga ranta. Babu abin da ba ta saƙa wa riga ba a gidan nan: kwanuka, filas, har rediyonsa. Shi kuwa tsiya yake yi mata in yana gyaran ragarsa a gefe.

"Wannan wace irin saƙa ce da ko tarwaɗa ba ta kamawa?"

"Kai kana saƙa don ka kama," in ji ta, "ni ina saƙa don in rufa."

Ranar da labarin cikin Zulfa ya iso, bayan shekarun da aka yi ana zuba ido, ranar ta fara shawul ɗin. Daga tsakiya ta fara, tana zagayawa. Don ɗoki ta matse zaren da yawa, har tsakiyar ta lotsa kamar ƙoƙo, ta ce a bar shi, zai miƙe in ya yi faɗi. Ya kai faɗin babban faifai ciwo ya kwantar da ita, ba ta kuma tashi ba.

Yanzu haihuwa ta matso, Malam Umara kuma ya sa wa ransa cewa a cikin aikin hannun Yagana za a naɗe jikan nan ranar suna. Ya roƙi Zulfa? Ina! Yaushe suruki zai buɗe baki ya ce wa matar ɗansa ta koya masa aikin mata? Ai saƙa saƙa ce. Wanda ya saƙa taru ba zai kasa ɗan tsumman jariri ba, balle ya sha kallon yatsun matarsa.

Haka ya riƙa yi. In an rufe get sai ya janyo tabarma bakin ƙofa inda haske yake, ya buɗe kwano. Kwarashin ya yi wa hannunsa ƙanƙanta, ulun yana maƙalewa a kaushin yatsunsa, amma ya nace. Ya ma ji daɗin abin, don yini ya daina yi masa tsawo. Wani lokaci har magana yake yi: "To, kin ga? Ke da kike ganin ba zan iya ba."

Sai ranar da ya shimfiɗa aikin a rana ya kawo ido kusa. Nata a tsakiya lumui, nasa kuwa a gefe raga ce sak, idanu manya-manya, wani gefen ya ja, wani ya saki. Jariri zai iya zura ƙafa ta ciki ya fito. Shi kansa sai da ya yi dariya. Ya ce to, a warware nasa, a koma inda ta tsaya a sake.

A sana'arsu kowane idon raga da ƙullinsa, in ka ja zare iyakarsa ƙulli na gaba. Kuma babu mai hankalin da zai ajiye aiki bai ɗaure bakinsa ba. Don haka da ya ja zaren ya ga yana biyowa salin-alin, bai ji tsoron komai ba, ya san zai cije in ya kai inda Yagana ta ɗaure. Ya ɗora shawul ɗin a cinya ya shiga ja gaba-gaba, yadda ake janyo igiya daga ruwa, zaren yana taruwa a kansa. Idonsa na kan katanga, hankalinsa ya tafi gida, yana tuna yadda takan lissafa idon saƙa a ƙarƙashin numfashinta, in ya yi mata magana ta harare shi. Hannunsa kawai ke jiran ƙullin.

Nauyin da ya daina ji a cinyarsa ne ya dawo da shi. Ya ture tulin zaren ya lalubo. Abin da ya rage bai wuce tafin hannunsa biyu ba, ɗan ƙoƙon nan na tsakiya.

A haka Zulfa ta same shi, don ranar ciwon baya ya dawo da ita da wuri. Ta yi sallama bai amsa ba. Ta durƙusa da ƙyar daga bakin tabarma.

"Baba, lafiya?"

"Ba ta ɗaure ba," ya ce. Ya nuna mata ɗan ƙoƙon. "'Yar nan, ina aka taɓa ajiye saƙa ba a ɗaure ba?"

Zulfa ta dubi zaren, ta dubi kwanon, ta gane komai.

"Baba, ita wannan ba a ɗaure ta sai an gama. Kwarashin kawai ake sokewa ya riƙe." Ta shafa tulin zaren. "Iya ta ɗauka za ta dawo kansa ne."

Tsohon ya sunkuyar da kai. Tun ranar jana'iza bai yi hawaye ba sai yau, a gaban surukarsa kuwa, abin kunya.

"Ina da ƙawa, Jannatu, gwanar saƙa ce," in ji Zulfa. "In an jiƙa zaren zai miƙe, ta sake saƙa shi kamar sabo."

Ya ɗago zaren kusa da idonsa. Duk ya nannaɗe, lanƙwasa bayan lanƙwasa, kowace ɗaya inda yatsan Yagana ya bi.

"A'a. Kada a jiƙa."

Ya kama ɗan madaukin da ya rage a bakin ƙoƙon, ya zura zaren ya yi masa ƙullin masunta, irin wanda ko giwan ruwa ba ya kwancewa, ya datse da haƙori. Zulfa ta karɓa ta juya shi, ta kifa a kan dunƙulen hannunta.

"Baba, duba. Ai hula ce."

Mace aka haifa. Ranar suna liman ya raɗa mata Yagana, amma kafin azahar gidan duk ya koma kiranta Amira, don Hamman ba zai iya faɗar sunan mahaifiyarsa ba. Shi ma Malam Umara duk zamansu bai taɓa kiran sunan nan ba. Matarsa ta fari ce, da "ke" aka fara, da "ke" aka ƙare.

Washegari dangin Zulfa suka shirya tafiya da ita wankan gida a garin Malam Madori. Mota tana ƙofa ana loda kaya, Zulfa ta shigo da jaririyar ta ɗora masa a hannu.

"Ga amaryarka, Baba, ku yi sallama."

An naɗe ta a shawul ɗin kanti fari. Ya buɗe kwano ya ɗauko hular ya sa mata da yatsunsa masu kaushi. Ta zauna daram, sai ka ce an gwada.

"Yagana," ya ce.

Sunan ya yi masa baƙo a baki. Jaririyar ta motsa leɓe ta ci gaba da barcinta.

Direba ya danna hon. Zulfa ta miƙo hannu, ya ba ta, hular ta bi su. Ya ji an rufe ƙofofin mota, ya ji an ja get, sai gurnanin firij ya dawo. Ya janyo kwanon ya tsoma hannu cikin nannaɗaɗɗen zaren, ya sake kiran sunan, da ɗan ƙarfi wannan karon, tunda babu mai ji.