Shirun Na Ƙasa

Harlan Pruitt ya dawo daga gareji yana goge baƙin mai a jikin wandonsa, ya ɗauki wayar daga kan teburin kicin inda ya bar ta a buɗe, ya kara a kunne. Babu komai sai kukan tsuntsaye da ƙarar ruwa can nesa.

"Vernon? Kai, Na Ƙasa, kana ji na?"

Ba amsa. Kowa a unguwar ya san bakin Vernon Tackett ba ya hutawa, amma a duk kudancin jihar Alabama Harlan kaɗai ya san abin da shirunsa ke nufi. A yaƙin Vietnam, Vernon ne ke tuƙa ɗan ƙaramin jirgi mai saukar ungulu na leƙen hanya. Ƙasa-ƙasa yake bi, har iskar farfelarsa tana kwantar da ciyawa, yana neman sawun abokan gaba, ko kuma su buɗe masa wuta su tona maɓoyarsu. Harlan kuwa yana can sama cikin jirgin yaƙi, aikinsa kada idonsa ko kunnensa ya bar na ƙasa. Ƙa'idar aikin ita ce na ƙasa ya yi ta magana a rediyo, ya faɗi duk abin da ya gani da duk inda ya juya. In ya yi shiru, to ya faɗo ke nan. An sha kakkaɓo Vernon, kuma ko yaushe Harlan ya san daidai inda zai nufa, domin yana saurare.

Da tsufa ya zo, matansu suka rasu, Vernon ya sayi gidan da ke kallon na Harlan. Likita ya ce zuciyarsa na bukatar tattaki, shi ya sa kullum da safe yake gangarawa dajin bayan gidaje. Harlan gwiwoyinsa sun ƙi, sai ya zauna a gida, Vernon ya kira shi a waya ya kama aikin da ya saba: ga sawun barewa uwa da ɗa sun nufi rafi, ga gwangwanin giya wani ɗan iska ya yar, yanzu na karya dama. Da fari Harlan na amsawa, har da zolaya. Amma surutun mutum ɗaya na shekara hamsin, ko waliyyi ya gaji. Sannu a hankali ya koyi ajiye wayar a tebur, yana jefa "uhum" jefi-jefi. Yau kuwa injin yankan ciyawa ne ya ƙi tashi, ya ce bari ya ɗan leƙa shi ya dawo.

Hanyar dajin ta rabu biyu, hagu zuwa tsohuwar gada, dama zuwa wani ƙaton icen da guguwa ta kayar. Duka biyun akwai ruwa kusa. Ya kira motar asibiti da wayar gida, aka tambaye shi inda mutumin yake. Harlan, wanda bai taɓa canka a aiki ba, ya canka. Ya ce gada.

Ba kowa a gada. Kafin ma'aikatan motar asibitin su juyo su sami Vernon rana ta take. Yana kwance a gindin icen da ya faɗi, wayar na kan ƙirjinsa, har lokacin ba a katse kiran ba. Ma'aikaciyar jinyar da ta ɗora shi a gadon ɗauka ta ce wa Harlan sa'a ce aka yi yana kan waya da shi.

A barandar asibiti ya ji likita yana gaya wa Darlene, 'yar Vernon, cewa zuciyar ta yi mummunan lahani, da an kawo shi da wuri wataƙila da an ceto wani abu. Harlan ya koma gida ya yi ta dirzar hannayensa da sabulu. Kunya ce ta hana shi shiga ɗakin da aka kwantar da Vernon sai washegari.

Vernon ya ƙanƙance a cikin gadon, amma idanun suna nan yadda suke.

"Na Sama," ya ce da ƙyar. "Ka yi latti, tsohon banza."

"Gwiwoyin nan ne."

"Na yi ta faɗa maka. Icen da ya faɗi, hannun dama. Har muryata ta dushe."

Harlan ya shirya ƙaryarsa tun a mota: layin ne ya yi ta yankewa, ka san dajin nan. Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ga inda Vernon ke kallo. Hannayensa yake kallo, baƙin man da ya maƙale a ƙarƙashin farce, wanda sabulu ya kasa fitarwa. Mutumin da ke gane sabon sawu da tsoho daga cikin jirgi a guje, ai wannan ba zai wuce shi ba.

"Ya tashi kuwa?" in ji Vernon.

"Wa?"

"Injin yankan ciyawar."

Harlan ya ce bai tashi ba.

"Fulogi ne. Tun makon jiya nake gaya maka fulogi ne." Vernon ya lumshe ido. Babu fushi a muryarsa, kuma da fushin ne da ya fi sauƙi.

Darlene ta shigo da kofi biyu. Vernon ya buɗe ido ɗaya ya nuna Harlan da haɓa, ya ce mata ta dubi mummunan mutumin nan da kyau, bai taɓa barinsa a daji ba, ko a can ko a nan. Ta yi dariya tana share hawaye. Harlan ya riƙe kofin har ya huce bai kurɓa ba.

Ranar Alhamis da la'asar Vernon ya cika. Bayan an binne shi, mutanen coci suka cika gidan da soyayyar kaza da wainar masara, tsofaffin sojoji suka yi ta ba da labarin yadda Na Sama ke tsare Na Ƙasa. Darlene ta sami Harlan a bakin ƙofa, ta miƙa masa wata baƙar hula mai faɗin baki ta rundunarsu, wadda Vernon ke ratayewa a bayan ƙofa. Ta ce babanta ya ce a ba shi. Ta rungume shi, ta gode masa da bai bar mahaifinta shi kaɗai ba. Gaskiyar abin da ya faru ta zo masa har baki. Ya dubi fuskarta, ya ga shi zai sauke kayansa ne ita ta ɗauka, sai ya haɗiye.

Da safe ya tuƙa a-kori-kurarsa zuwa gari ya sayo fulogi. Ya ajiye hular da wayar a kan bencin gareji, ya durƙusa da ƙyar, ya cire tsohon ya ɗaura sabon. Ja ɗaya ya yi wa igiyar tayarwa, injin ya tashi.

Harlan ya yi maza ya kashe shi. Ya tsaya a wurin da igiyar a hannunsa, yana sauraro.