Kwaɗo a Ƙofar Baba

Abu na farko da ake koya wa sabon gandiroba shi ne jan kwaɗo. Ka danna, ka ja shi sau biyu, ka jefa makulli a aljihu, sannan ka juya baya. Na biyu, ba a barin magani a ɗakin fursuna, ko na ciwon kai ne. Kai ke riƙewa, kai ke miƙa masa ya sha a gabanka. Shekara goma sha tara Kofur yana wannan aiki, har hannunsa ya daina neman shawarar kansa.

Watan nan kuwa aikin ya ci mutane. Sashen da ake sa mutum shida ya koma mutum uku: wani ya ajiye kaki ya gudu, wani hawan jini ya kayar da shi a bakin famfo, wani kuma aka ce ya tafi hutu, kowa dai ya san irin hutun, kansa ne ya taɓu. Kwana tara Kofur yana haɗa aikin safe da na yamma. Matarsa ta kwashi yara ta ce za ta je gaida iyayenta, amma mai zuwa gaisuwa ba ta tafiya da keken ɗinki. Gidan ya rage daga shi sai Baba, mahaifinsa, tsoho mai ciwon asma, wanda ƙaramin abin shaƙarsa shuɗi ba ya barin gefen matashinsa.

Ranar an ba shi awa uku ya leƙa gida. Ya yi wa Baba wanka, ya ba shi shayi, ya zauna a kujera wai zai ɗan rufe ido, sai ga ƙarfe ɗaya da rabi. Ya fita a guje yana ɓalla maɓalli a hanya.

Ƙarfe huɗu aka buga ƙarfen ƙirga. Kofur ya bi layinsa ɗaki ɗaki yana leƙawa ta ƙaramar taga, fursunoni a tsugune bibbiyu. Saba'in da ɗaya. Ya sa hannu a aljihu zai ɗauko biro, sai yatsunsa suka taɓa abin da ba na nan ba. Ya zaro: abin shaƙar Baba. A ƙarƙashinsa ga ɗan makulli mai jan zare, na kwaɗon da ke rataye a ƙofar ɗakin tsohon tun lokacin da ake ajiye kaya a ciki.

Wallahi bai tuna ya yi ba. Ya nemi abin a kansa, babu. Amma tafin hannunsa ya tuna sanyin ƙarfen, ya tuna ja biyun nan.

"Kofur, nawa?" in ji Saje daga ƙarshen baranda.

"Saba'in da ɗaya, yallaɓai."

"Allo ya ce saba'in da biyu. Sake."

Duk wanda ya taɓa cin abinci da kakin nan ya san abin da wannan ke nufi. In ƙirga bai cika ba, babbar ƙofa ba ta buɗuwa. Ba shiga, ba fita, ko matarka ce ke naƙuda. Wayoyin ma'aikata kuma suna can cikin akwati a hannun mai gadin ƙofa.

Ya sake ƙirgawa, ya sami saba'in. Ya sake, saba'in da uku. Kawunan suna yawo a idonsa. Wani tsohon fursuna mai farin gemu ya dube shi ta taga ya ce, "Yallaɓai, yau ko mu za mu ƙirga ka?" Ɗakin ya kwashe da dariya, amma da suka ga fuskarsa sai dariyar ta mutu.

To me ya hana shi faɗa wa Saje? Kunya, ba komai ba. Ya buɗe baki ya ce ya kulle ubansa kamar ɓarawo? Gobe a karɓe makullai a hannunsa, a ce shi ma ya tafi hutu. Awa guda cur ya yi yana zagaya baranda da wannan tunanin banza, yana gaya wa kansa cewa ai Baba barci yake yi da rana, ai ciwon bai cika tashi da yamma ba. Sai iska ta juyo da hayaƙin bolar da ake ƙonawa bayan katanga, ya tuna su ma a layinsu yau ne ake ƙona shara, tagar Baba kuma ta bayan gida take kallo.

Ya ruga wajen mai gadin ƙofa, wani dogo da suka shiga aiki rana ɗaya.

"Dogo, buɗe mini. Minti talatin."

"Kai ma ka san ba zai yiwu ba. Me ya faru?"

Kofur ya buɗe tafin hannu ya nuna masa. Dogo ya san Baba, ya san abin shuɗin. Ya waiga hagu da dama, ya ciro wayar Kofur daga akwati, ya turo masa ita ta ƙarƙashin littafin rajista.

Maƙwabciyarsu matar tela ce ke kai wa Baba abincin rana, tana da makullin ƙofar waje. Ya kira ta, bugu ɗaya ta ɗauka.

"Baban yara, ina ka shiga? Tun ƙarfe biyu nake kiranka! Wa ya sa wa tsohon nan kwaɗo?"

"Yana magana?"

"Ɗazu yana amsawa. Yanzu sai wani sauti kamar ana busa usur."

"Ku fasa ƙofar!"

"Da me? Ba kai ka sa aka yi ta da ƙarfe ba? Tagar ma ka sa mata sanduna. Maigidana ya tafi neman mai walda, ga shi ba wuta."

Gaskiya ne, shi ya sa. Shekarar da wani fursuna ya raɗa masa cewa ya san layin gidansu, ya mayar da gidan yadda ya san ana tsare wuri.

Sai shida saura aka gano inda mutum ɗayan yake. Yana asibiti tun safe da ƙarin jini a hannu, masu aikin safe ne suka manta ba su goge allo ba. Dogo bai gama zare sakata ba Kofur ya kutsa ta gefensa.

Ya tarar da falo cike da maƙwabta, tela riƙe da guduma, kwaɗon duk ya lanƙwashe amma bai saki ba. Kwaɗo ne mai kyau, shi ya zaɓe shi. Makullin ya ƙi shiga sai a karo na uku.

Baba na kwance a ƙasa, ya manna hanci a 'yar tazarar da ke ƙarƙashin ƙofa, leɓɓansa sun yi toka. Kofur ya tallafo kansa, ya sa masa abin a baki, ya danna, ya sake dannawa. Aka yi tsit ana sauraron ƙirjin tsoho. A hankali usur ɗin ya fara sauka, mata suka shiga hamdala.

"Baba, ka yafe mini. Wallahi ban san na yi ba."

Tsohon ya daɗe yana tattara numfashi kafin ya iya magana.

"Na sani. Ai na kira ka lokacin da kake rufewa. Sau uku na kira sunanka. Ka leƙo, ka dube ni, ka ce 'ɗaya', ka ƙirga ni kamar fursuna."

Kofur ya yunƙura zai ɗaga shi zuwa gado, sai tsohon ya ci gaba.

"Ka kira yayarka ta zo ta ɗauke ni yau."

"Haba Baba, zan nemi hutu, zan cire kwaɗon, ƙofar ma zan..."

"Ba fushi nake yi ba, ɗana." Baba ya zare abin shaƙar daga hannunsa, ya damƙe shi da hannu biyu a ƙirji, ya ɗan ja jiki baya har ya jingina da ƙafar gado. "Tsoronka nake ji."