Ruku'un Liman Bunu

Shekara ashirin da biyu Liman Bunu yana jan salla a ƙauyensu na bakin fadama, gabas da Haɗejiya, ba a taɓa jin ya yi tuntuɓe a karatu ba. Ƙugunsa ne ya ci amanarsa. Dashen shinkafa cikin ruwa ya gama da shi, idan ya sunkuya sai ya yi ta lallaɓawa kafin ya miƙe. An yi ƙaho, an sha saiwoyi, shiru kake ji. Na'ibinsa Abubakar kuwa, mai jini a jika, kullum yana bayansa yana gyaran murya. Dattawa sun fara cewa a bar Liman ya huta, shi kuma ya san irin wannan hutun ba a dawowa daga shi.

A daminar 1987 ya shiga Haɗejiya duba ɗansa a makarantar kwana, ya haɗu da malamin lissafi, wani Ba'indiye siriri, Mista Nayar. Da mutumin ya ga yadda Liman yake tashi daga benci, sai ya ce da gurguwar Hausarsa:

"Malam, a ƙasarmu akwai yoga. Miƙa jiki ne da jan numfashi a hankali. Wasu suna yi don ibada, wasu don hankali ya kwanta. Kai ka yi don baya kawai."

Ya nuna masa yadda zai durƙusa ya zauna kan dugadugansa, ya miƙa hannu gaba, goshi a ƙasa, ya ja numfashi goma, sannan ya kwanta rub da ciki ya ɗago ƙirji.

Liman ya raina abin, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ambaliya ta ci rabin gidansa, iyali da kaya sun cushe a ɗaki biyu, don haka bayan asuba sai ya ɗauki tabarma ya hau wani tudu a bayan gari. Cikin sati uku yana ruku'u kamar saurayi, murna kamar ta kashe shi.

Sai dai mutumin da ya tsufa yana salla, ko ina ya shimfiɗa tabarma gabas zai duba, ba tare da ya sani ba. Haka masunta suka hango shi daga kwalekwale, goshi a ƙasa, rana tana ɓullowa daidai gabansa, lokacin da ko yaro ya san ba a sujada. Kafin azahar gari ya ɗauka: Ba'indiye ya koya wa Liman bautar rana.

Dattawa suka kira shi. Kawu, babbansu, ya ce, "Allah gafarta Malam, mu ba mu yarda ba. Amma an gani."

"Babu niyya, babu kabbara, Kawu. Magani ne."

"To, maganin da zai watsa maka sahu, ina amfaninsa?"

Baƙin ciki ya tokare Liman. Mutanen da ya raɗa wa 'ya'yansu suna, su ne suke kallonsa a kaikaice. Zuciya ta ɗebe shi, ya dafa Alƙur'ani ya rantse ba zai sake ba, ko a fili ko a ɓoye. Tun bai isa gida ba ya yi da-na-sani.

Ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Wata magariba, a raka'a ta biyu, Liman ya yi ruku'u, ƙugu ya ƙage. Ya yunƙura, wani raɗaɗi ya soke shi har ƙeya. Sahu uku suna sunkuye a bayansa suna jira. Wani ya ce "Subhanallah", yana zaton mantuwa ce. Gumi yana ɗiga daga gemunsa kan buzu.

Ya miƙa hannu baya, ya laluba, ya kamo gefen rigar Abubakar ya jawo. Abubakar ya matso gaba a sunkuye, ya ɗaga murya ya ɗago da jama'a.

Kowa ya miƙe, ban da Liman.