Amanar Mota a Bakin Teku

Munzali ya biya kuɗin fakin, sai dai ba a inda ake biya ba.

Direba ne a gidan wani Balarabe a Mu'aither, wata unguwa a gefen Doha. Sau biyu aka ci tarar motar a watan azumi, kafil ɗinsa, wato maigidan, ya kira shi ya faɗa masa, ba zagi ba ɗaga murya: in aka yi ta uku, makulli zai koma hannun wani, shi kuma ya koma ban ruwan fulawa. Mutumin da ya shekara ashirin yana jan tirela daga Kano zuwa Legas, a ce ya ƙare da tiyo a hannu.

Washegarin Sallah uwargida ta ce a kai ta bakin teku da yara. Kai ka ce duk Doha can ta kwana. Sai da ya yi zagaye huɗu, yara na dukan bayan kujerarsa, kafin wata mota ta fita ya cusa hanci. A gefen titi ga injin biya, kati yake karɓa, mutum shida a layi cikin rana. Shi kuwa Munzali bai yarda da abin da ba ya amsa sallama ba.

Can ya ji Hausa. Mai gadin wani kantin turare ne ke waya, Abass, ɗan Zangon Kumasi. Suka gaisa, Munzali ya zaro riyal ashirin. Abass ya ja hannu, ya ce shi kanti yake gadi, titi ba nasa ba ne, a je wurin inji. Ya faɗa har sau biyu. Munzali ya ɗauka kara ce, wa ya taɓa karɓa a miƙon farko? Ya tura masa a aljihun riga.

"Kai dai sa ido, ƙanena. A kasuwar Kwari haka muke yi, ba a taɓa cire min ko madubi ba."

Uwargida na ta yalla, yalla, wai a yi sauri. Ya kinkimi kujeru da kula ya bi su.

Bayan la'asar ya dawo ya tarar da Abass a ƙofar kanti, idonsa kan motar. Abass ya ce amana ya riƙe, ko ƙuda bai sauka ba. Abu ɗaya ne: wata mota mai kyamara a ka ta wuce a hankali, ta sake dawowa. Ya ɗaga mata hannu, ba wanda ya ko waiwaya. Ya miƙo ashirin ɗin a ninke yadda aka ba shi.

"Me ya hana ka roƙe su?"

"Yaya, wa zan roƙa? Gilashi a rufe."

Munzali ya yi ta faɗa shi kaɗai: wane irin gari ne wannan, a kama ka babu wanda ya kama ka, balle ka ce masa don Allah? Bai rufe baki ba wayar uwargida ta yi ƙara. Maigida ne ke kira, saƙon tarar ya riga su isa gida. Ta saurara, ta dube shi, ta ce kalas, wato shi ke nan.

Riyal ɗari uku aka cire masa a albashi. Da safe wani ɗan Nepal ya ja motar ya fita, Munzali na tsaye a bakin get da tiyo, ruwa na zuba a kan takalminsa.