Tutocin Mai Shagon Hoto

Wata 'yar manhaja nake kula da ita, ta kyauta, mai rage nauyin hotuna. Ni na rubuta ta, ni nake gyara ta, a kan teburin da nake cin abinci, tunda babu wanda zai ce in kwashe wayoyina. Mutane sukan sauke ta su yi gaba, ko sannu babu.

Kafin manhaja ta yi aiki sai an haɗa ta ta hanyar kwamfaila, wato shirin da ke juya abin da muka rubuta zuwa yaren na'ura, shi kuma ana ba shi ƙananan umarni da muke kira tutoci: yi sauri, rage girma, lallaɓa irin wannan na'ura. Nawa tutocin na kafe su a fayil ɗin haɗawa, ba mai canzawa sai ni.

Sai ga saƙo daga wani mai shagon hoto. Kwamfutarsa ta tsufa tukuf, manhajar ta ƙi haɗuwa, yana roƙon in cire masa tuta ɗaya. Amma bai fara da buƙata ba. Sai da ya tambayi gajiyata, ya tambayi aiki, kamar wanda ya yi sallama a ƙofar gida. Na gyara masa. Bayan 'yan makonni ya dawo da wata matsalar, da labarin amaryar da ta ce ya ƙara mata hanci. Na yi dariya ni kaɗai har na ƙware.

Haka muka saba. Ban san fuskarsa ba, amma duk safiya saƙonsa nake fara dubawa, kafin ruwan shayi ya tafasa.

Ranar da ƙanwata ta zo gaishe ni, ta tarar ina murmushi gaban allo, na ba ta labari.

"To, Yaya, shi ba zai iya sa tutar da kansa ba?"

"Zai iya, in na buɗe wurin."

"Wuya gare shi?"

"Layi kaɗan ne."

Ta dube ni, ta dubi kujerar da na jibga wa kaya don ba mai zama a kai. "Kenan bawan Allah yakan rufe aikinsa yana jiranka, don dai ka sami abokin hira?"

Na ji haushinta sosai, don gaskiya ta faɗa. Tsoro nake ji. In na buɗe, me zai sake kawo shi?

Washegari na buɗe. Na bar tutocina a matsayin na farko, na ƙara wurin da kowa zai rubuta nasa su hau kan nawa. Na gwada, ina fatan wani abu ya lalace. Komai ya tafi daidai, tsinanniyar ko tari ba ta yi ba. Na sanar da mai shagon.

Amsarsa ta zo da rana tsaka.

"Malam, Allah ya saka da alheri! Na sa nawa, ta haɗu sumul. Na daɗe ina jin nauyinka wallahi. Yanzu ka huta, ba zan ƙara damunka ba."

Na rubuta masa cewa bai taɓa damuna ba, ya riƙa leƙowa ko ba matsala, ina son jin yadda aka ƙare da amaryar nan. Na karanta, sai kunya ta kama ni, dattijo da ni ina roƙon hira. Na goge duka.

Na rubuta, "Madalla." Na tura.